Salati, Kifi da Taliya a Akushin Dungas: Waiwaye kan Tarihin Cimaka

Gabatarwa

Akwai wani faranti da ya zama sananne a wannan zamani, har ga wanda bai taɓa ɗanɗana shi ba. Ana ganinsa a littattafan karatu na faransanci, a talabijin, da kuma cikin wayoyin hannu: ganyen salati da yankakken tumatir a gefe guda, gasasshen kifi a tsakiya, taliya a ɗaya gefen. Akan ce wannan shi ne abincin da ke gina lafiya. Yaron da ya tashi a Dungas ko Magarya, wanda ya karya da kunu, ya sha fura da rana, ya ci tuwo da miyar kuka da dare, idan ya dubi hoton yana iya ɗauka cewa abin da mahaifiyarsa take girkawa ba ya cikin lissafi.

Farantin nan daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ya fito. A shekarar 1958 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya ƙaddamar da bincike a ƙasashe 7, inda aka lura cewa ciwon zuciya bai cika kama manoman Girka da na kudancin Italiya ba, kamar yadda yake kama mutanen Amurka da na Finlan. Cimar manoman nan kuwa hatsi ce da wake da ganye da man zaitun da ɗan kifi. Daga nan likitoci suka shiga yabonta, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2010. Abin lura shi ne, cimar da aka yaba ta talakawan karkara ce, masu cin abin da gonarsu ta ba su.

Salati da kifi da taliya kowanne ya shigo Dungas ta hanyarsa, a lokacinsa. Bin sawun waɗannan hanyoyi uku yana nuna cewa akushin Bahaushen wannan yanki ya daɗe yana karɓar baƙi, kuma ana auna alherin baƙo da abin da ya ƙara wa akushi da abin da ya ture daga ciki.

Ƙasar da cimarta

Dungas tana kudancin jihar Damagaram, dab da iyakar Najeriya. A da tana cikin ƙasashen Sosebaki tare da Mirya da Waca, waɗanda suka bi Barno kafin sarakunan Damagaram su mallake su a ƙarni na 19. A 2011 aka cire ta daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 350 a gundumar Dungas, da fiye da dubu 570 a ta Magarya, wato yankin yana cikin mafi cikar jama'a a duk ƙasar Nijar.

Ƙasar iri biyu ce. Akwai jigawa, inda ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi a ƙarƙashin itatuwan gawo. Akwai kuma fadamun kwarin Korama, inda ruwa yake kusa da ƙasa, a wasu wurare mita 2 ko 3 kawai. A nan ake samun rake da rogo da dankali da dabino da kayan miya. Noman fadama ya girmi zuwan Turawa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Gidimuni a watan Disamba na 1852, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya tarar da tafkuna biyu, ɗaya na ruwan daɗi, ɗaya na kanwa, da gonaki masu kore a gefensu, ga shi kuwa damina ta daɗe da wucewa.

Ginshiƙin cimar yankin gero ne. Masu tonon kayan tarihi sun sami ɓurɓushin noman gero a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali wanda ya kai shekara 4,500. Shi da dawa da wake da kuka da kuɓewa da yakuwa ƴan asalin Afirka ne. Daga ƙwayar ɗorawa ake yin daddawar kalwa, daga ƴaƴan yakuwa ake yin daddawar batso. Nono daga rugar Fulani yake zuwa, gishiri da kanwa daga Manga da Bilma bisa raƙuman ayari. Idan aka dubi wannan akushi da kyau, za a ga gininsa ɗaya ne da na manoman Bahar Rum da aka yaba: hatsi a ƙasa, wake da ganye a kai, ɗan mai, nama kuwa sai ranar kasuwa ko Salla.

Ko a wancan zamani akushin cike yake da baƙi waɗanda suka zama ƴan gida. Masara da rogo da dankali da barkono da tumatir da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka fito bayan 1492. Sunan masara ma yana nuna hanyar da ta biyo, wato Masar. Albasa da alkama sunayensu na Larabci ne. Zogale, wanda yau ake ɗaukarsa tamkar tambarin cimar gargajiya, asalinsa ƙasar Indiya ne.

Kwaɗo ya riga salati

Tun kafin a ji sunan salati, matan yankin suna da hanyarsu ta cin ganye ba a cikin miya ba, ita ce kwaɗo. Akan tsinke ganyen, a wanke, a dafa, a matse ruwan, sannan a cuɗa shi da dakakken ƙuliƙuli da gishiri da barkono da albasa da ɗan mai. Kowane lokaci na shekara yana da ganyensa. Da saukar ruwan farko tafasa da gasaya da rama suke fitowa, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsin bana kuwa bai nuna ba. Yaɗiya tana jure fari, ana samunta a jigawa ko da rani. Zogale yana garka duk shekara. Abin da ya yi yawa a shanya shi a adana, kamar yadda ake yi da kuka da lalo da kuɓewa. Wani lokaci a turara ganyen da tsakin gero ko na masara, ya zama dambu.

Wannan sani na ganyaye shi ya riƙe rayuka a manyan shekarun yunwa: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin 1973 zuwa 1974, da yunwar 1984 zuwa 1985 wadda ake kira El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a watan Afrilu na 1984. A irin waɗannan shekaru mutane sun koma ga jiga da yaɗiya da ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Sai dai taimakon da ganye ya yi ya bar masa tabo. Wanda ya ci tafasa dole, ba hatsi a ciki, ba ya son ganinta ranar wadata. Ta haka ganyen daji ya sami sunan abincin yunwa, har wasu gidaje suke jin kunyar fito da shi gaban baƙo.

Ƙuliƙulin da ke ba kwaɗo armashi shi ma yana da nasa tarihi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Harajin da Faransawa suka ɗora, wanda sai da kuɗi ake biyansa, ya tura manoman Magarya da Dungas da Matamai ga nomanta, har yankin ya zama cibiyar gyaɗa ta Nijar. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayenta, daga baya aka gina masana'antar tatsar mai ta SEPANI a Magarya. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa. Amma sana'ar mata ta tuyar ƙuli da matsar mai a gida ba ta mutu ba, ita ce har yau take ba talaka abin gina jiki mafi arha a kasuwa.

Zuwan salati

Shi ma salati tsohon ganye ne a duniya, don akwai zanensa a kaburburan Masar ta dā. Sunansa ya samo tushe daga kalmar Latin mai nufin gishiri, saboda da gishiri ake cin ɗanyen ganyen. Zuwa ƙasar Damagaram kuwa Faransawa suka kawo shi. Sun kama birnin a watan Yuli na 1899, suka mai da shi babban birnin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926. A barikokinsu akan keɓe garkar kumandan, inda ake shuka irin kayan lambun da suka saba ci a ƙasarsu. Daga hannun masu ban ruwa da masu dafa wa Turawa abinci iri ya fita zuwa garaken gari, amma shekaru da yawa masu sayensa ma'aikata ne da ƴan boko.

Sunayen kayan lambun nan sun isa shaida. Tawagar Kyaftin Tilho da takwararta ta Ingilishi sun kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka raba mutane masu harshe ɗaya da miya ɗaya. A arewacin layin aka karɓi kalmomi daga faransanci, a kudancinsa daga Ingilishi. Shi ya sa abin da ake kira salati a Dungas ake ce masa latas a Gumel, shu ya zama kabeji, karoti ya zama karas. Manomin da ya ɗauki kaya zuwa kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, yakan tashi da suna ɗaya ya sayar da wani. Rama da zogale da tafasa kuwa sunansu bai canza ba a kowane ɓangare, don sun riga iyakar zama.

Abin da ya shigar da salati ƙauye shi ne farin 1984. Da damina ta gaza, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi yekuwar noman rani a duk inda ake da ruwa, aka raba iri, aka gina rijiyoyi. Fadamun Korama suna cikin wuraren da suka fi karɓar kiran. Daga baya injin ban ruwa ya zo ya rage wahalar guga da jigo. Yau daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari, kasuwannin yankin cike suke da salati da shu da tumatir da albasa. Da zafi ya shigo salati yakan yi tsiri ya yi ɗaci, sai ya ɓace har wata shekara.

Idan aka ɗora ganyen biyu a ma'auni, kowanne yana da nasa. Salati kusan kashi 95 cikin 100 nasa ruwa ne. Zogale da rama da gasaya sun fi shi sinadarin gina jiki da na ƙarin jini da bitamin A nesa ba kusa ba. Sannan kwaɗo dafaffen ganye ne, wuta ta kashe abin da ke jikinsa, alhali salati ɗanye ake ci, don haka lafiyarsa tana rataye ga tsabtar ruwan da aka ba shi da wanda aka wanke shi da shi. A yankin da annobar amai da gudawa ta taɓa a 2021, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A ɗaya ɓangaren, dafuwa mai tsawo, musamman da kanwa, tana lalata bitamin C, wanda ɗanyen tumatir da lemon tsami suke riƙe da shi.

Matan yankin ba su jira masana sun sasanta ganyen biyu ba. Sun ɗauki salati sun yi masa abin da suke yi wa rama, wato suka barbaɗa masa ƙuli da yaji, ya zama kwaɗon salati. Suka kuma ɗauki ɗanyen tumatir da albasa suka yanka a kan kwaɗon zogale. Inda aka samu koma baya shi ne inda kwalbar mayonez ta maye gurbin ƙuliƙuli, domin an fitar da mai gina jiki an shigo da maiƙo zalla, kuma da tsada.

Kifi a ƙasar da ba kogi

Babu kogi mai gudu duk shekara a Dungas. Korama da damina take kawo ruwa, ta bar tafkuna a baya, wasu su ƙafe kafin bazara, wasu su kai wata damina. A cikinsu masunta suke kama tarwaɗa da karfasa, da gaiwa wadda takan binne kanta cikin laka idan ruwa ya janye, ta jira shekara ta zagayo. Daga baya ma'aikatan ruwa da daji suka riƙa zuba ƴaƴan kifi a wasu tafkunan don su hayayyafa. Duk da haka kifin gida bai taɓa isar jama'a ba.

Mafi yawan kifin da aka sani a yankin banda ne, wato wanda aka ƙyafe da hayaƙi har ya bushe, yana zuwa daga fadamun Haɗeja da Nguru da kuma tafkin Cadi. Saboda haka duk abin da ya sami waɗannan ruwaye sai an ji shi a tukunyar Dungas. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Calawa a 1992, sun rage ambaliyar da kifi ke hayayyafa a ciki a Haɗeja da Nguru. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980. A 2015, saboda rikicin Boko Haram, hukumomin jihar Difa suka hana su da cinikin kifi a ɓangaren Nijar na tafkin, ba a ɗage hanin ba sai a 2019. A gefe guda kuma kifin teku na ƙanƙara da na gwangwani suka shigo kasuwa daga kudu.

Matsakaicin abin da mutum ɗaya yake ci na kifi a duniya ya kai kilo 20 a shekara. Na ɗan Nijar ɗan ƙaramin kaso ne na wannan. To amma akwai hikima a yadda uwargida take sarrafa ɗan abin da ta samu. Farantin hoto yana ba kowane mutum kifi guda. Ita kuwa takan ɓare banda ɗaya, ta marmashe shi cikin miyar yakuwa ko ta kuɓewa, mutum goma su sami rabo. Ƙananan busassun kifaye da ake dakawa har da ƙayarsu suna ba yaro sinadarin ƙarfafa ƙashi, abin da tsokar babban kifi ba ta bayarwa sosai. Gashi da banda kuma sun girmi suya. Yawaitar mai ce ta sa kaskon suya ya mamaye bakin kasuwa, inda ake maimaita mai ɗaya har ya yi baƙi. Likitan da ya ce a gasa kifi maimakon a soya, tsohuwar hanya ya nuna.

Taliya: daga fada zuwa talla

A cikin ukun nan taliya ce baƙuwa ta ainihi, domin alkama ba ta yi a jigawa, sai a fadama da ban ruwa lokacin ɗari. Labarin da ake yawan faɗa cewa Marco Polo ne ya kai ta Italiya daga Sin ba shi da tushe. A 1154, kusan shekara 140 kafin komowarsa, masanin ƙasa al-Idrisi ya bayyana yadda ake yin wani abinci na zaren alkama mai suna itriya a garin Tarabiya na tsibirin Sisili, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Ana danganta kalmar taliya da sunan ƙasar Italiya, tana kuma kama da itriya ta Larabci. Ko wanne aka ɗauka, daga arewa ta zo, ta hamada.

A ƙarni na 19 fataken Gadamas da na Tarabulus suna zaune a Damagaram da Kano. Unguwar Dandalin Turawa ta Kano da su aka sa mata suna, don a lokacin Larabawa ake kira Turawa. Daga gidajensu abincin alkama ya bazu: gurasa, alkaki, alkubus, dashishi da taliya. Waɗannan abincin fada ne da gidajen attajirai, na ranar Salla da garar amarya. Da hannu ake murza taliyar, shi ya sa ake ce mata ƴar murji. Daga baya ƙaramin injin da ake juyawa da hannu ya shigo, matan aure suka mai da shi sana'ar cikin gida: a kwaɓa fulawa, a murza, a shanya a igiya, a dafa, a ɗora wa yara talla, a ci da mai da yaji.

Taliyar leda kuwa, wadda a kasuwannin Nijar ake ce wa maka, gutsuren kalmar makaroni, ta hanyoyi biyu ta cika kasuwa. Daga arewa, ta Agadas, ta Aljeriya da Libiya ta riƙa sauka da arha, saboda gwamnatocin can suna tallafa wa farashinta. Daga kudu, bayan Najeriya ta ɗage hanin shigo da alkama da ta kafa daga 1987 zuwa 1992, manyan kamfanonin fulawa suka buɗe masana'antun taliya. Indomie, wadda ta shiga Najeriya a 1988, ta bi hanyar Babura da Maigatari har ta isa teburin mai shayi a ƙauye.

Ba daɗi kaɗai ya ba taliya nasara ba. Kafin gero ya zama tuwo sai an yi sussuka da sheƙa da surfe da wanki da niƙa da tankaɗe da talge da tuƙi, aikin da ke cin rabin yinin mace da ɗaurin itace. Taliya minti 10 take a wuta. Ga matar da ta yini a garka ko a kasuwa, ga ɗalibin da ke zaman haya a Damagaram, wannan sauƙi ne na gaske, kuma wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba bai kamata ya yi saurin zargi ba. Amma farar fulawa an cire mata dusa da ƙwayar da ke ɗauke da yawancin amfaninta. A Italiya ana cin taliya da wake da ganye da tumatir. A nan galibi da mai da yaji da dunƙulen ɗanɗano ake cinta, ta cika ciki, jiki bai sami kome ba sai ƙarfin yini. Kuɗinta kuma waje suke tafiya, farashinta yana bin abin da manomi ba shi da iko a kai, kamar faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, ko rufe iyaka na 2019 da na 2023.

An taɓa gwada wata hanya a nan jihar. A 1967 aka kafa masana'antar SOTRAMIL a birnin Damagaram don sarrafa gero, ta riƙa fitar da gari da biskit da taliyar da aka haɗa da gero. Masana'antar ba ta ɗore ba, amma tunanin bai mutu ba. Ƙungiyoyin mata masu sarrafa hatsi a Damagaram da Maraɗi da Yamai suna yin garin kunu da busasshen dambu da taliyar wake, suna ƙullawa a leda. Manufarsu ita ce a ba gero da wake saurin dafuwar da ya sa aka guje su.

Yalwa a garka, tamowa a gida

Wannan tarihi da ya tsaya ga sha'awar masana kawai, ba don halin da yara suke ciki ba. Yankin Magarya da Dungas yana cikin mafi ruwan sama da kore a Nijar, amma binciken ƙasa kan abinci ya sha nuna cewa fiye da rabin yaran jihar Damagaram ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magarya a lokacin matsalar abinci ta 2005. A daminar 2018, da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa, ta ba da sanarwar cewa kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin.

Dalilan suna da yawa: ƙarancin gona ga yawan jama'a, cututtuka, ruwan sha, haihuwa kusa da kusa, bashin da ke sa a sayar da amfanin gona tun da kaka. Amma akwai kason akushi a ciki. Yaron da aka yaye da tsinkakken kunu zalla, ko aka cika masa ciki da taliya da mai, yana iya ƙoshi alhali jikinsa yana jin yunwa. Kayan garka mafi kyau kasuwa suke tafiya, wake da riɗi su ƙetare iyaka, ga shi Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Abin da ya fi ban tausayi shi ne maganin da ake ba yaran da tamowa ta kama, wato Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka fara yinsa a Yamai a 2005. Tushensa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da sukari da mai da sinadarai. Jikokin manoman da suka cika jiragen ƙasa da gyaɗa, da gyaɗar leda ake ceto su.

A birane kuma wata matsala ce ke tasowa, ta hawan jini da ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cin giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a yini, da gishirin da bai kai giram 5 ba. Ba ta ce sai salati ba. Kwanon kwaɗon rama, da goruba ko magarya ko gwaba a aljihun yaro, duk suna cikin lissafin. Dunƙulen ɗanɗano kuwa, wanda ya ture daddawa a tukwane da yawa, babban kasonsa gishiri ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, salati ya tarar da kwaɗo a gida, suka zauna lafiya. Kifi ɗan gida ne da bai taɓa wadata ba, don haka aka koyi raba kaɗan ga mutane da yawa. Taliya ta kawo wa mata hutun da suka daɗe suna bukata, amma ba za ta iya ɗaukar nauyin gero ba, sai an haɗa ta da wake da ganye kamar yadda masu ita suke yi.

A nan malamai da ƙungiyoyin raya al'adu suke da abin yi. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Darasin abinci mai gina jiki yana iya farawa da sunayen da yaro ya sani. Ana iya aika ɗalibai wurin kakanninsu mata su rubuto sunan kowane ganye da ake ci, da watan da yake fitowa, da yadda ake cire masa ɗaci, da wanda ake ba mai jego da wanda ake ba yaro. Garkar makaranta tana iya ɗaukar layin zogale da na rama kusa da na salati da karoti. Tsofaffin da suka ga 1973 da 1984 da idonsu suna nan da sauransu a ƙauyukan Guci da Malawa da Dogo-Dogo, kuma yawancin abin da suka sani game da ganye ba a rubuta shi ba tukuna.